Jinin matata ya faɗi sau biyu ana tsakiyar aiki: kuskure ne ko haka abin yake?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga ma'aikatan lafiya na wannan zaure. Yau kwana tara da aka yi wa iyalina aiki aka ciro yarinya, alhamdu lillahi duk suna lafiya. Allurar baya aka yi mata, idonta biyu aka yi komai. Ta ce ana kwantar da ita bayan allurar, ko minti biyar ba a yi ba ta ji jiri, hamma ta yi ta zuwa mata, zuciyarta na tashi, ta ji ana cewa jini ya sauka 70. Aka karkata gadon, aka yi mata wata allura ta cikin ruwa, ta dawo daidai. Bayan an fito da yarinya kuma ta ji kamar ana jan wani abu daga ƙahon zuciyarta, ta yi amai, ta ji matar da ke tsaye a kanta tana ce wa likita "dakata, sassauta". Abin da ya ɗaure mini kai, wannan baiwar Allah a watan ƙarshe hawan jini ma aka ce tana da shi. A gida ana ta cewa allurar ce aka yi mata ta wuce kima. Ba rigima nake nema ba, so nake in fahimta.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya Ilham. Wallahi kamar labarina kake bayarwa. Hammar nan har yau ina tuna ta, ka ji kana nutsewa cikin gado.

Anti Mai Sa Barci: Barka Baban Ilham, Allah ya raya. Ni nas ce mai sa barci, wannan tsayuwar a kan mara lafiya ita ce aikina. Ban ga takardar matarka ba, don haka ba zan yi rantsuwa kan abin da ya faru ba, amma yadda ka faɗa, abu biyu ne daban suka same ta, kuma duka biyun mun san su.

Kafin in shiga, akwai matsalar kalma. Mu da Hausa komai jijiya ne. Akwai jijiyar jini, wato bututun da jini ke bi, akwai kuma jijiyar saƙo da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa da laka. Awon jini da ake yi da abin ɗaure hannu ƙarfin turin jini ne a cikin bututun, kuma jijiyoyin saƙo ne ke riƙe da shi ba tare da ka sani ba. Kashi biyu ne, kamar ƙaimi da linzami a wurin mahayi. Na ƙaimi, da muke ce wa simfatetik, suna tsuke jijiyoyin jini suna kuma zaburar da zuciya. Na linzami babbarsu ita ce jijiyar bagus, aikinta ja wa zuciya birki.

To na ƙaimin nan daga laka suke fitowa, tun daga gaɓar farko ta ƙirji har gaɓa ta biyu ta ƙugu, T1 zuwa L2 a bakinmu. Aikin ciro jariri kuwa sai maganin ya hau har wajen kan nono, T4, in ba haka ba mace za ta ji zafi. Ka ga kenan mafi yawan layin ƙaimi ya shiga cikin abin da aka kashe. Maganin ba ya zaɓe, ya kashe saƙon zafi, ya kashe saƙon tsuke jijiya. Sai jijiyoyin ƙafafu da na ciki su saki, jini ya taru a can, wanda ke komawa zuciya ya ragu. Ga kuma nauyin ciki ya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya in mace ta kwanta rigingine. Dalilin karkata gado hagu kenan. Wannan faɗuwar takan zo ko da an auna magani daidai, shi ya sa muke zuƙo allurar ɗaga jini mu ajiye tun kafin mu taɓa bayan mace.

Baban Ilham: Na gode Anti. Wato ko mai hawan jini ma yana iya faɗuwa?

Anti Mai Sa Barci: Ƙwarai kuwa. Ita ma in na sama ya sauka daga 150 zuwa 100, a wurinta faɗuwa ce babba, ko da wani zai ga 100 ba laifi. Muna duba yadda mace ta zo ne, ba ma son ta sauka ƙasa da kashi 80 cikin 100 na awonta. Saboda mahaifa a ƙarshen ciki fiye da rabin lita na jini take sha a minti ɗaya, kuma ba ta iya gyara wa kanta. Jinin uwa ya faɗi, na jariri ya ragu nan take.

Ɗalibin Likita: Anti don Allah tambaya. An koya mana cewa akwai masu gadin awon jini a wuya, a inda jijiyar karotid ta rabu biyu, da kuma a lanƙwasar babbar jijiyar da ta fito daga zuciya. In jini ya sauka su ne ke kai rahoto gindin ƙwaƙwalwa, na wuya ta jijiyar ƙwaƙwalwa ta 9, na ƙirji ta jijiya ta 10, wato bagus, sai a saki linzami a sa ƙaimi cikin daƙiƙu. Wani masani mai suna Hering ne ya bayyana na wuyan a shekarun 1920. To allurar baya ai ba ta kai wuya ba. Me ya hana su gyara abin?

Anti Mai Sa Barci: Ƙanena, masu gadin suna nan a farke, sun gani, sun kai rahoto, ƙwaƙwalwa ta ba da umarni. Hanyar da umarnin zai bi ya isa ciki da ƙafafu ce aka toshe. Abin da ya rage mata kawai hannuwa da kafaɗu da zuciya. Shi ya sa in ka taɓa mace a lokacin za ka ji ƙafarta da ɗumi, hannunta kuwa sanyi ƙalau, sama yana ta ƙoƙarin biyan bashin ƙasa. Kuma ka tuna jijiyoyin da ke zaburar da zuciya daga T1 zuwa T4 suke. In magani ya haura can, sai bagus ta rage ita kaɗai, domin ita daga ƙoƙon kai take fitowa ta bi wuya, allurar baya ba ta isa gare ta. Lokacin ne za ka ga jini ƙasa, bugun zuciya ma ƙasa. Wannan haɗin shi na fi tsoro.

Likitan Fiɗa: Salam. Barka Baban Ilham. Tunda an zo kan "dakata, sassauta", wannan ɓangarenmu ne, bari in karɓa. Bayan an ciro jariri, da yawanmu mukan fito da mahaifa waje mu ɗora kan ciki don mu ga wurin ɗinki sosai. Fito da ita da mayar da ita yana jan tantanin da ya lulluɓe kayan ciki. Wannan tantanin ba ya son ja. Saƙo ya tafi sama, amsa ta dawo ta bagus: zuciya ta rage gudu, jini ya sauka, amai ya taso. Abin da matarka ta ji a ƙahon zuciya kenan.

Abin ba sabo ba ne. A 1845 wasu 'yan uwa biyu Jamusawa, su Weber, suka nuna cewa in aka tsokani bagus da lantarki zuciya takan rage gudu har ta tsaya. A 1863 kuma Goltz ya riƙa bubbuga cikin kwaɗo a hankali a jere, sai zuciyar kwaɗon ta tsaya. Da ya yanke bagus ya sake bugawa, ba ta tsaya ba. Tun ina ɗalibi wannan gwajin ya zauna mini a kai, don duk ranar da na sa hannu cikin cikin mutum abin da nake yi kenan. Maganinsa na farko shi ne abin da aka ce wa likitan: ka saki. Sau da yawa kafin a ɗauko atirofin, allurar da ke ƙara wa zuciya gudu, zuciya ta dawo.

Anti Mai Sa Barci: Likita, tunda ka kawo da kanka, ina da ƙorafi a kanku. Me zai hana ku ce "zan fito da mahaifa" kafin ku ja? Kalma huɗu ce. Mu muna bayan labule, ba ma ganin hannunku, sai dai mu ji ƙarar na'ura ta canja. Kuma a daidai lokacin ne aka ba da oksitosin, maganin da ke tsuke mahaifa, shi ma in aka tura da sauri yana sakin jijiyoyin jini. Abu biyu su haɗu wa mace a minti ɗaya.

Likitan Fiɗa: Ƙorafinki gaskiya ne Anti, na karɓa. Amma ba zan yarda a ce a daina fito da ita gaba ɗaya ba, kamar yadda wasu abokan aikinki ke so. In kusurwar yankan ta yage tana zubar da jini, ga fitila ba ƙarfi, ga mataimaki ɗaya, ni dai sai na gani da idona. Amai na minti biyu ya fi mini sauƙi a kan jijiyar da na bari tana tsiyaya a ciki.

Anti Mai Sa Barci: Ban ce a daina ba. Na ce a faɗa.

Malam Na Karkara: Ina ta karantawa. Ni a ƙaramin asibiti nake, kuma zan faɗi abin da wasu ba za su so ba. Duk wannan wahalar allurar baya ce ta jawo. Mu da muke sa barci da ketamin ba mu san faɗuwar jini ba, shi ɗaga shi ma yake yi. Ranar da ba efedirin, allurar ɗaga jini, a kabad, ba wuta, mai awon jini na hannu ne, in ka kashe wa mace rabin jiki jininta ya faɗi da me za ka ɗaga shi? Ku na birni kuna magana ne da kayan aiki a gabanku.

Maman 'Yan Biyu: Malam ni dai an taɓa yi wa ƙanwata da wannan ketamin ɗin, ta farka tana surutai tana ganin abubuwa. Kuma ba ta ji kukan ɗanta na farko ba.

Anti Mai Sa Barci: Malam, a abu ɗaya ina tare da kai ɗari bisa ɗari: wanda ba shi da maganin ɗaga jini a hannu, ba shi da ruwa a rataye da allura mai faɗi a jijiya, kada ya yi allurar baya. Wannan ba gardama. Amma ka duba matar Baban Ilham, mai hawan jini a ƙarshen ciki. Ketamin ƙaimi yake sawa. Ka ba mai 170 shi, ina za ta tsaya? Ga ciki cike, in ta yi amai tana barci ya gangara huhu fa?

Kuma cewa ketamin ba ya faɗar da jini, ba kullum ba. Ba zan manta wani yaro ba, bai fi shekara 12 ba, taifod ta huda masa hanji, ya kwana huɗu a gida kafin a kawo shi. Idanu sun faɗa, harshe a bushe kamar fata, ciki ya ɗaure tamau. Awon jininsa na sama 95, sai ka ce da sauƙi, amma zuciya tana gudu 150, yatsunsa sanyi. Jikinsa ya riga ya sa ƙaimi har ƙarshe, wannan 95 ɗin da kyar yake riƙe da ita. Muka ba shi ruwa, muka ga kamar ya isa, aka ba shi ketamin kaɗan. Ina riƙe da wuyan hannunsa na ji bugun yana sirancewa a ƙarƙashin yatsana har ya ɓace, sai a wuya nake jinsa. Ketamin yana ɗaga jini ne ta hanyar zuga jiki ya saki adirenalin da 'yan uwansa. Wanda rumbunsa ya ƙare, ba abin da za a zuga, sai dannewar da maganin ke yi wa tsokar zuciya ta fito fili. Da adirenalin da ruwa muka dawo da shi, Allah ya sa da sauran kwana. Tun ranar ban ƙara yarda da awon jini shi kaɗai ba, sai na ga fitsari ya fara zuwa, gudun zuciya ya fara sauka.

Malam Na Karkara: Irin waɗannan yaran muna ganinsu, musamman da damina. Na yarda da wannan. Amma maganata tana nan: a kawo mana kayan aiki kafin a ce mu canja hannu.

Likitan Fiɗa: Malam ya yi gaskiya a nan, kuma ba laifinsa ba ne. Ina so in ƙara wani abu don ɗalibai, saboda kada a tashi daga zauren nan da tunanin duk faɗuwar jini bagus ce. Kayan ciki suna karɓar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jinin da zuciya ke turawa, kuma jijiyoyinsu rumbu ne babba. Wani lokaci a farkon babban aiki, ka ɗaga hanji kana dubawa, sai a ce maka jini ya sauka, amma zuciya gudu take, fuskar mara lafiya ta yi ja, jiki da ɗumi. Wannan ba saƙon jijiya ba ne. Wani sinadari ne, furostasaikilin, da ke fita in an ja shimfiɗar da ke riƙe hanji, ya saki jijiyoyin jini ko'ina. Atirofin ba ya yi masa komai, ƙara wa zuciya gudu ma zai yi.

Ɗalibin Likita: To ranka ya daɗe, in na fahimta: zuciya a hankali da jini ƙasa, bagus ce. Zuciya da gudu da jini ƙasa, ko zubar jini ko wannan sinadarin. Haka ne?

Likitan Fiɗa: A jarrabawa za ka ci maki, a ɗakin tiyata wannan ƙa'idar tana iya cutar da kai. Mace ta zo da ciki a wajen mahaifa ya fashe, cikinta cike da jini, amma bugun zuciyarta 70 ko ƙasa. Ana ganin haka. In jinin da ke komawa zuciya ya yi ƙaranci sosai, zuciya tana matsawa a kan kusan babu, akwai masu kai rahoto a bangonta da ke sa bagus ta ja birki. Ana danganta shi da abin da Bezold ya fara bayyanawa a 1867, Jarisch ya sake bincika daga baya. Wanda ya ga zuciya a hankali ya ce ai ba jini take zubarwa ba, ya yi asarar lokaci. Ga kuma matasa, jikinsu yana iya riƙe awon jini har sun zubar da kusan kashi 30 cikin 100, sannan su rufta gaba ɗaya. Don haka in jini ya faɗi ana aiki, ni abin da nake fara yi in duba kwalbar zuƙo da tsummokan da aka jiƙa, in leƙa gefen ciki da ƙasan ƙugu. Sai na tabbatar ba jini ke fita ba sannan in ɗora wa jijiya laifi.

Ɗan Maraɗi: Sannunku da ƙoƙari, muna ƙaruwa. An ce za a cire wa yayata jakar ɗaci da aikin kyamara, wanda ba a tsaga ciki. Shi ma akwai wannan matsalar?

Anti Mai Sa Barci: Akwai, ɗan'uwa, a farkon aikin. Ana hura iskar kabon dayoksaid a ciki don a sami fili, yawanci matsin 12 zuwa 15. In aka hura da sauri, tantanin nan ya miƙe farat ɗaya, bagus ta ja. Maganinsa a tsayar da hurawa a saki iskar, in bai isa ba a ba da atirofin. Masu aikin sun san da shi, lokacin ne idon kowa ke kan na'ura. Allah ya ba ta lafiya.

Alhaji Mai Goro: Ni dattijo ne a cikinku, shekarata 63. Ina da suga fiye da shekara goma, ina shan maganin hawan jini, lisinofiril da atenolol. An sa mini ranar aikin kaba wata mai zuwa. Wannan hirar ta sa gabana faɗuwa. In na miƙe daga zaune da sauri ma jiri nake ji.

Likitan Fiɗa: Baba, kada gabanka ya faɗi, amma wannan jirin ka faɗa wa mai sa barci da bakinka, kada ka jira a tambaye ka. Suga in ya daɗe yakan ci waɗannan jijiyoyin saƙon, na ƙaimi da na linzami duka, kamar yadda yake cin na tafin ƙafa. Jirin miƙewa yana iya zama alamar masu gadin sun yi rauni, ko kuma magungunan ne. A auna ka a kwance, a sake auna ka a tsaye.

Anti Mai Sa Barci: Baba, ka je da kwalayen magungunan gaba ɗaya ranar da za a duba ka kafin aiki, har da na gargajiya in kana sha. Yawanci irin atenolol ba a son a yanke shi kwatsam, irin lisinofiril kuwa sau da yawa akan ce a tsallake na ranar aikin, don yana toshe hanyar da ƙoda ke taimakawa wajen riƙe jini in jijiyoyi sun yi barci. Amma kada ka yanke da kanka saboda na faɗa a nan. Wanda zai tsaya a kanka shi zai ce sha wannan, bar wancan. Kuma ka tambaya ƙarfe nawa za ka daina shan ruwa, don wasu sukan wuni da ƙishi tun daren jiya har la'asar suna jiran layi, su shiga ɗaki a bushe.

Alhaji Mai Goro: Allah ya yi miki albarka 'yata. Zan yi yadda kuka ce.

Baban Ilham: Na karanta wa maman Ilham duka. Ta ce in tambayi Anti abu biyu. Na farko, in Allah ya kawo wani cikin aka ce aiki, ta ƙi allurar baya ne? Na biyu, ta ce tun daga farko har ƙarshe matar nan tana riƙe da wuyan hannunta tana yi mata hira, tana tambayarta sunan da za a sa wa yarinya, alhali ga na'ura tana aiki. Ta ɗauka lallashi ne kawai.

Anti Mai Sa Barci: Ka gaishe ta. Kada ta ƙi, ga mafi yawan masu haihuwa allurar baya ta fi barci gaba ɗaya aminci. Ta dai gaya musu tun a awo cewa wancan karon jininta ya faɗi ta yi amai, sai a fara mata maganin ɗaga jini tare da allurar, ba sai an jira ya faɗi ba.

Riƙe hannun kuwa, da lallashi a ciki, amma aiki ne. Abin ɗaure hannu sai bayan minti ɗaya ko biyu ko uku yake sake awo, yatsa kuwa kowane bugu yana ji. Hirar ma awo ce. Mace tana ba ka amsa tsaf, sai ka ji maganarta ta fara ja, ko ta yi hamma, ko ta ce zuciyata na tashi, to jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa ya ragu, ba ma jiran lamba, turawa muke. In kuma ta ce yatsun hannunta sun fara mutuwa ko muryarta ta shige, magani ya haura sama, wani shirin ne daban. Ka ce dai ta ci gaba da zuwa awon jini har arba'in, don hawan jinin ciki ba ya sauka ranar haihuwa ga kowa.

Baban Ilham: In sha Allahu. Jibi ne ma za mu koma a duba ɗinki, zan sa a auna ta. In na ga matar zan yi mata godiya, don ranar ko kallonta ban yi ba, hankalina yana kan yarinya.